Yadda Ake Tara Manyan Kalmomin Turanci ta Hanyar Duba Jimlar da Suka Zauna

Yawancin ɗaliban da ke zuwa lesin wurina a Birnin Kebbi, masu shirin WAEC da NECO da JAMB, da wasu 'yan ajin farko na jami'a, suna zuwa ne da littafi shaƙe da kalmomi, Turanci a hagu, Hausa a dama. Hadda kam sun yi ta. Amma da an ba su jimla mai gurbi da kalmomi huɗu masu kama da juna sai su tsaya cirko-cirko, domin a littafinsu "reduce" da "recede" da "decline" da "subside" duk fassara ɗaya aka yi musu: raguwa. Jimlar ce kaɗai ke nuna wadda za ta shiga gurbin, su kuwa ba su taɓa rubuta jimlar ba.

Wani masanin harshe ɗan Ingila, J. R. Firth, ya faɗa tun 1957 cewa ana gane kalma ne ta abokan tafiyarta, wato kalmomin da ta saba zama tare da su a jimla. Iyakar ka'idar da kake buƙata ke nan. Sauran duk aiki ne da biro.

Kayan aiki

Littafin rubutu mai kauri, wanda ba za ka haɗa shi da wani darasi ba. Biro biyu, shuɗi da ja, da fensir.

Ƙamus na Turanci zuwa Turanci wanda aka yi shi don masu koyo, kamar Oxford Advanced Learner's ko Longman. Kada ka ɓata kuɗinka kan ɗan ƙaramin ƙamus na aljihu, domin ma'ana kawai zai ba ka. Abin da muke nema shi ne jimlolin misali, da ƙananan kalmomin da ke bin kalma a baya, irin su "of" da "to" da "with", da alamar da ke nuna ko kalmar ta ofis ce, ta hira ce, ko ta suka. Ƙamus na Turanci zuwa Hausa, kamar na Neil Skinner ko na Roxana Ma Newman, yana da amfani idan bayanin Turancin ya yi maka nauyi, amma mataimaki ne, ba shi za ka dogara da shi wajen zaɓe ba.

Abin karantawa na kullum, da littafin tambayoyin shekarun baya. Sai kwali da za ka yanka ƙanana-ƙanana, da gwangwani uku ko ambulan uku.

Idan babu kuɗin ƙamus, ku haɗa ku uku ko huɗu ku sayi ɗaya, ko na hannu ne. Idan kana da waya, Oxford da Longman duk suna da shafin intanet da ake duba kalma kyauta. Mai ƙarancin data ya tara kalmominsa na kwana biyu ko uku, ya duba su lokaci ɗaya, ya ɗauki hoton kowane shafi ya ajiye. Idan jarida ta gagara, tsohuwa ma ta wadatar, har irin wadda mai tsire ke naɗe nama da ita, in dai shafin bai yage ba. Kalmar da aka buga bara ba ta lalace ba. Littattafan gwamnati da tattalin arziki da na aikin gona na aji huɗu zuwa shida su ma cike suke da irin kalmomin da ake tambaya.

Mataki na 1: Zaɓi karatu daidai ƙarfinka

Ba za ka iya gane baƙuwar kalma daga jimla ba idan rabin jimlar baƙo ne a wurinka. Masu binciken koyon harshe, irin su Paul Nation, sun nuna cewa mai karatu na buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, wato baƙuwa ɗaya cikin kowace 50. Gwada da kanka: ƙirga kalma 100 a shafin, ka ja layi da fensir ƙarƙashin waɗanda ba ka sani ba. Biyu zuwa biyar, ya yi, tunda kana da ƙamus a gefe. Idan sun haura haka, ajiye ka nemi mai sauƙi, ba abin kunya ba ne.

Dabarar da ta fi yi wa ɗalibaina aiki ita ce karanta labari ɗaya sau biyu. Ka fara karanta shi a Aminiya ko BBC Hausa, sannan ka nemi labarin a Daily Trust ko wata jaridar Turanci. Tunda ka riga ka san abin da ya faru, ko ambaliya ce a Argungu ko farashin shinkafa a kasuwar Jega, hankalinka zai tafi kan yadda aka faɗe shi. Labaran NTA na ƙarfe 9 na dare ma suna taimaka wa kunne, amma rubutu ya fi, domin yana tsayawa ka dube shi.

Mataki na 2: Yi hasashe kafin ka taɓa ƙamus

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ɗalibai suka fi tsallakewa. Idan ka ci karo da baƙuwar kalma, ko gurbi a takardar tambaya, yi wa jimlar tambaya huɗu, a jere.

Ta farko: wane irin kalma wurin ke nema? Suna ne, aikatau ne, ko sifa? Bayan "the" ko "a" suna ke zuwa, ko sifa sannan suna. Bayan "had" ko "will" galibi aikatau ne. Idan aikatau ne, duba ko akwai abin da aikin ya faɗa wa. Dubi wannan:

"The farmers went back to their rice fields after the flood had ______."

An ba ka "reduced", "receded", "declined", "retired". Bayan gurbin babu komai, jimla ta ƙare. "Reduce" galibi tana son abin da aka rage, kamar farashi ko gudu, don haka ta raunana. "Retire" ta mai barin aiki ce. "Decline" ta adadi ce, ko lafiya, ko ƙin karɓar tayi. Ruwan da ya malalo ya koma da baya shi ne "recede". Wanda ya taɓa ganin fadama bayan ruwa ya janye ya san hoton da kalmar ke ɗauke da shi, kuma da wannan hoton za ka riƙe ta.

Ta biyu: akwai kalmar da ke juya magana ko ke ci gaba da ita? "Although", "but", "despite", "yet" suna gaya maka cewa ɓangarorin jimlar biyu sun saɓa. "Because", "so", "therefore" suna nuna sun tafi tare.

"Although the village head is usually ______, he spoke for almost an hour."

Ko ba ka san "taciturn" ba, ka san gurbin na neman kishiyar yawan magana. Idan sauran zaɓin su ne "eloquent" da "generous" da "punctual", ka san ta farkon iya magana ce, ta biyu kyauta, ta uku zuwa kan lokaci. Wadda ta rage ita ce amsa, kuma ka samu sabuwar kalma a kan hanya.

Ta uku: yabo ne ko suka? Turanci na da kalmomi da yawa da ma'anarsu ɗaya amma fuskarsu daban. Idan ka rubuta "Aliero is notorious for its onions", ka zagi garin ba da niyya ba, domin "notorious" shahara ce ta mugun abu, irin ta ɗan fashi. "Renowned" ko "famous" ake nema. Haka "thrifty" da "frugal" mai tattali ne, "stingy" da "miserly" marowaci. "Firm" mai tsayawa kan magana, "obstinate" mai taurin kai. Mu ma muna da wannan bambanci a Hausa, ba mai kiran mahaifinsa marowaci yana nufin yabo, sai dai idan an zo Turanci mukan manta.

Ta huɗu: wace ƙaramar kalma ke bin gurbin? Wannan ita ce hanya mafi sauri, kuma masu shirya tambaya suna sonta ƙwarai. "Comply" da "adhere" da "abide" duk bin doka ne, amma "comply with" ake cewa, "adhere to", "abide by". Idan ka ga "All candidates must ______ by the rules", ba ka buƙatar dogon tunani. Haka "accuse of", "charge with", "blame for".

Rubuta hasashenka da fensir a gefe, ko da kalma ɗaya ce ta Hausa. Kada ka bar shi a ka, domin idan ƙamus ya ba ka amsa zuciyarka za ta ce ai dama haka ka zata.

Gargaɗi a kan sassan kalma. Gaskiya ne "mal-" kan nuna mugun abu, "bene-" kan nuna alheri, "in-" da "un-" kan kore ma'ana. Amma kada ka rantse da su. "Invaluable" ba maras daraja ba ne, abu ne da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. "Highly inflammable" da kake gani a jikin tankar mai ba cewa take ba ya kamawa da wuta ba, akasin haka take nufi. Sashen kalma shaida ce ɗaya, jimla ce alƙali.

Mataki na 3: Buɗe ƙamus, ka nemi ma'anar da ta dace

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ma'ana ta ɗaya a rufe littafi. Karanta dukkan ma'anonin, ka mayar da kowace cikin jimlarka ka ji wadda ta zauna. "Novel" littafin labari ne, amma a "a novel method of drying onions" sabuwar hanya ake nufi. "Grave" kabari ne, amma "a grave mistake" babban kuskure ne. "Sound advice" ba ta da alaƙa da sauti, shawara ce ingantacciya. Tambayoyin jarrabawa masu neman kalma mafi kusa a ma'ana a kan irin wannan ake gina su: za a saka maka sananniyar ma'anar cikin zaɓi don ka faɗa.

Kafin ka rufe, duba jimlolin misali da abin da aka rubuta da baƙin rubutu mai kauri. Can ne abokan tafiyar kalmar suke.

Mataki na 4: Rubuta ta da jimlarta

Kowace kalma ta sami layi biyar ko shida. Da shuɗin biro ka kwafe jimlar da ka same ta a ciki, cikakkiya. Da ja ka ja layi ƙarƙashin kalmar tare da abokiyar tafiyarta, ba ita kaɗai ba: "bumper harvest", "abide by", "flood receded". Ƙasa da haka ma'ana a taƙaice, da Turanci mai sauƙi, in ka so ka ƙara Hausa. Sai alamar tarawa idan ta yabo ce, ta ɗebewa idan ta suka ce. Sai danginta, misali "recede" da "recession", "comply" da "compliance". Layin ƙarshe ka bar shi fili, za mu dawo kansa.

Biyar zuwa bakwai a rana sun isa. Mai rubuta talatin ranar Asabar ba ya komawa kansu.

Wanda ke shirin jami'a, ko Aliero ko Gusau ko ina, ya nemi jerin kalmomin karatun jami'a da Averil Coxhead ta fitar a 2000, mai iyalan kalma 570, irin su "analyse" da "assess" da "derive". Amfaninsa shi ne ya nuna maka kalmar da ta cancanci shiga littafinka idan ka gamu da ita a karatu. Kada ka zauna haddace shi daga sama zuwa ƙasa, sai ka koma gidan jiya.

Mataki na 5: Tara masu kama da juna, ka raba su

Sau ɗaya a mako, buɗe sabon shafi daga bayan littafin. Zaɓi ma'ana ɗaya, ka jero duk kalmomin da ka tara masu ɗauke da ita, sannan a gaban kowace ka rubuta wa ake yi wa, kuma a ina.

Ɗauki kora. Ɗalibi daga makaranta, "expel". Ma'aikaci daga aiki, "dismiss" a takarda, "sack" a baki da kanun jarida. Ɗan haya daga gida, "evict". Baƙo daga ƙasa, "deport". Sarki daga karaga, "depose" ko "dethrone". Majalisa a kan gwamna, "impeach". Wanda ya san waɗannan shida da wuraren zamansu ya fi wanda ya haddace sittin a warwatse. Ko ɗauki ɗage zama: taron da ba a fara ba aka matsar da ranarsa, "postpone", shari'a ko zaman da aka fara aka tsaya zuwa wata rana, "adjourn".

Daga nan ka wuce zuwa fage-fage, domin WAEC na kawo nassi mai gurabe a kan fage ɗaya: kotu, asibiti, banki, noma, gini, sufuri. Ware wa kowane fage shafinsa. Za ka lura kalma ɗaya na sauya aiki idan ta sauya fage. A asibiti "discharge" sallamar majiyyaci ce, a kotu sakin wanda ake tuhuma, shi ya sa kake jin "discharged and acquitted", wato an sake shi kuma an wanke shi. "Admit" a asibiti ba da gado ne, a makaranta ba da gurbi, a gaban ɗan sanda amsa laifi.

Akwai kuma tagwayen da ke rikita ido: "economic" ta tattalin arzikin ƙasa, "economical" ta abin da ba ya cin kuɗi, "respectful" mai girmama mutane, "respectable" wanda ake girmamawa. Su ma shafi guda.

Mataki na 6: Yi hattara da Hausar da ke ƙarƙashin Turancinka

Wannan matsala tamu ce, littattafan da aka rubuta a waje ba za su faɗa maka ita ba. Muna da aikatau 'yan kaɗan masu ɗaukar kaya da yawa. Da "ci" muke cin jarrabawa, mu ci zaɓe, mu ci amana, wani ya ci kuɗin jama'a. Turanci na da kalma daban ga kowanne: "pass", "win", "betray", "embezzle". Muna shan magani, su "take" suke cewa. Muna jin wari, su ba sa "hear" ɗinsa. Ruwan sama mai ƙarfi "heavy rain" ne, amma iska mai ƙarfi "strong wind". "Yi" ɗinmu guda ta rabu uku: "make a mistake", "do business", "commit a crime". Aro ma ya rabu biyu, mai karɓa "borrow", mai bayarwa "lend".

Ka buɗe shafi mai suna ci, wani sha, wani yi, wani ji. Duk lokacin da ka gamu da yadda Turanci ya faɗi ɗaya daga cikinsu, ka zuba a wurin. A ganina waɗannan shafuka huɗu sun fi gyara rubutun insha'i fiye da kowace babbar kalma.

Mataki na 7: Katuna da gwangwani uku

Mantuwa ta fi sauri a kwanakin farko bayan koyo, abin da Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885. Maganinta maimaitawa da tazara. A fuskar kati ka rubuta jimlar da gurbi a wurin kalmar, a baya ka rubuta kalmar da abokiyar tafiyarta. Lura: jimla mai gurbi, ba kalma da fassara ba, domin abin da za a tambaye ka ke nan.

Sabon kati na shiga gwangwani na ɗaya, wanda ake dubawa kullum. Idan ka cike gurbin daidai, ya koma na biyu, mai duba bayan kwana uku. Ya sake fita, ya koma na uku, na mako-mako. Duk wanda ka faɗi, ko daga na uku ne, ya dawo na ɗaya. Wani Bajamushe, Sebastian Leitner, shi ya yaɗa wannan tsari a shekarun 1970, kuma manhajar Anki a waya irin aikin take yi. Ni dai na fi son kwali, ba ruwansa da caji ko ɗauke wuta, kuma babu saƙon WhatsApp da zai faɗo a tsakiya. Minti goma bayan sallar asuba ya isa.

Mataki na 8: Cike layin da ka bari

Bayan kwana biyu, koma layin nan na ƙarshe ka rubuta jimlarka ta kanka, a kan abin da ka sani: gonarku, unguwarku, bikin kamun kifi, hanyar Jega zuwa Yauri. Ka kwaikwayi ginin jimlar asali, ka sauya mutane da wuri. Sai ka kai wa malami ko wanda ya fi ka ya duba. Idan babu, ka rubuta kalmar da abokiyar tafiyarta tsakanin alamun zance a Google. Idan jaridu da littattafai sun fito da ita, ka samu. Idan ba kowa sai kai, sake dubawa.

A nan ne zan ja kunnen masu son a ce sun iya. Babbar kalma ba ta fi ƙarama daraja ba, wurin zama ne ya bambanta su. Babbar riga ta sallar idi ce, ba a shiga fadama dashen shinkafa da ita. "Commence" da "purchase" da "reside" na wasiƙar neman aiki ne da rahoto. A wasiƙa zuwa ga ƙanenka "start" da "buy" da "live" su ne daidai, kuma mai duba takarda ya san haka. Kalmar da ba ka tabbatar da wurin zamanta ba, kada ka fara gwada ta a ɗakin jarrabawa.

Mataki na 9: Gwaji da agogo

A JAMB tambaya 60 ce ta Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, jimilla 180 cikin awa biyu. Idan ka raba, daƙiƙa 40 ke kan kowace. Don haka tambayoyin nan huɗu na mataki na 2 sai sun zama jiki, ba sai ka tsaya tuno su ba. Duk mako ka ɗauki tambaya 20 daga na shekarun baya ka saka agogo.

Karanta jimlar har ƙarshe kafin ka kalli zaɓi, domin sau da yawa shaidar na bayan gurbin. Faɗi taka kalmar a zuci, sannan ka duba wadda ta fi kusa da ita. Soke waɗanda ginin jimla ya ƙi, sannan waɗanda fuskarsu ta saɓa, yabo a wurin suka ko suka a wurin yabo. Idan biyu suka rage, ƙaramar kalmar da ke bi ko abokiyar tafiya ce za ta raba gardama. A tambayar kishiya, sake karanta umarnin, domin kusan kullum akwai mai ma'ana iri ɗaya a cikin zaɓin tana jiran mai gaggawa. A nassi mai gurabe kuwa, karanta shi duka sau ɗaya ba tare da cike komai ba, ka gane fagen tukuna.

Idan ka gama ka duba amsa, kada ka tsaya kan maki. Wasu littattafan tambayoyin da ake sayarwa a kasuwa suna da amsoshin da ba daidai ba a baya, saboda haka duk inda amsarsu ta saɓa da abin da ƙamus ya nuna, bi ƙamus ka tambayi malami. Sannan kowace tambaya da ka faɗi, ka ɗauki zaɓin nan uku da ba su ne amsa ba, ka nemo wa kowanne jimlar da zai zauna daidai a cikinta, ka shigar da su littafi kamar yadda aka yi a mataki na 4, ka yanka musu kati su shiga gwangwani na ɗaya.